Rakiyar Kawu a Tashar Xiaobei

A duk tashoshin metro na Guangzhou babu wadda na sani kamar ta Xiaobei, babu kuma wadda ta ci mini rai kamarta. Ba laifin tashar ba ne. Tasha ce kamar kowace: ka gangara ƙarƙashin ƙasa, ka ɗora jakarka a injin bincike, ka manna kati ƙofa ta buɗe, jirgi ya zo ya kwashe ka. Waɗanda suka gina ta sun yi tunanin mai keken guragu da mai tura jariri da mai jan akwati. Mutum irin kawuna ne kawai bai faɗo musu a rai ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Maraɗi. Ni a Kano aka haife ni, aka sa mini sunan mahaifiyarsu, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ya riga yawancin mutanenmu zuwa China, kuma sana'arsa ita ce saukar baƙi. Yana da gidan haya a wani lungu bayan benen Tianxiu. 'Yan kasuwar Maraɗi da na Yamai in sun zo sayayya wurinsa suke sauka, ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya kai su wurin masu shaguna da masana'antu, ya haɗa su da mai tura kaya. Kowa a unguwar Maigida yake ce masa. Har 'yan China masu shago suna ɗaga masa hannu suna cewa lawban, wato shi ma maigida da yarensu.

Ni kayan kicin nake saya, kuloli da filas da tukwane. Da farko zuwa nake in koma, daga baya na zauna, na kama ɗaki tare da wasu mata a ɓangaren Tianhe. Zuwa gaishe da Kawu kuwa ba zaɓi ba ne. In na kira mahaifiyata, kafin ta tambayi lafiyata sai ta tambayi yaushe rabona da ƙaninta.

To, Kawu mutum ne mai rakiya. A gida in ka raka baƙo ka taka masa zuwa bakin zaure, in mai daraja ne ka kai shi bakin titi, ya ce ka koma haka nan, ka ce a sauka lafiya, shi ke nan. Kawu ya duba garin Guangzhou ya yanke hukunci cewa bakin titi a nan shi ne ƙofar jirgi. Ba bakin tasha ba, ba wurin manna kati ba. Sai ya sauka da kai har inda jirgi yake tsayawa, ya ga ƙofofin gilas sun rufe a kanka, ya ɗaga hannu, sannan ya juya. A hanya kuma babu sauri. Zai tsaya gaishe da mai burodin tanda, ya tsaya wurin mai gasa nama, ya tare wani Bazabarme ya tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana tsaye gumi yana bin bayanka, kana jin iskar jirgin da ya kamata ka hau tana busowa daga ƙasa.

Shekaru na yi ina haƙuri da wannan. Ɓata lokaci ne kawai, kuma lokacina ne, ba na wani ba.

Ranar da abin ya canza, na shiga jirgi kamar kullum, na waiwayo ta gilas. Kawu ya sauke hannu ya juya, amma bai tafi ba. Ya tsaya cak, mutane suna kewaye shi. Sai na ga ya miƙa hannu gefe yana lalube har ya taɓa ginshiƙi, ya kama hanyar da ba ta matakala ba. Jirgi ya ja. A tasha ta gaba na sauka na hau mai dawowa.

Tashar tana da mafita fiye da ɗaya, kowace da harafinta, kuma in ka kuskure taka sai ka tsinci kanka a ɗaya ɓangaren babban titi, ƙarƙashin gada, inda komai yake kama da unguwarka amma ba ita ba ce. A can na same shi, a tsaye kusa da wani kantin 'ya'yan itace, hularsa a karkace.

Na ce, "Kawu, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Uwata? Mi ya maido ki? Lemu na zaka saye."

Bai taɓa shan lemun wannan kantin ba a rayuwarsa. Amma ya saya, don kada maganarsa ta faɗi. Na karɓi ledar, muka tsallaka ta ƙarƙashin ƙasa, na kai shi har ƙofar gidansa. Na ce to ni zan koma, ina da alƙawari. Ya ajiye lemun a bayan ƙofa, ya gyara hula.

"Mu tahi in raka ki."

Na zaci wasa yake. Na ce, "Kawu, yanzu fa na dawo da kai."

"Wancan daban. Yanzu daga ƙohwata za ki hita. Baƙo ba shi hita gidana shi ɗai."

Wallahi haka muka koma. Ya sake gaishe da mai burodi, mai burodi ya bi mu da kallo. Ya sake sa ni a jirgi, ya ɗaga hannu, na sake sauka a tasha ta gaba na dawo neman sa. A ranar alƙawarina ya tashi, lawban ɗin da zai nuna mini sababbin kuloli ya rufe shago ya tafi cin abinci, da na kira shi sai meyo, meyo yake ta maimaita mini, wato babu.

Da ƙyar da roƙo da fushi na ja shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tare saura da magani. Yana ganin abin da yake gabansa daidai, kamar mai leƙe ta bututu, amma gefe da gefe duhu ne. A lungunsu wannan bai dame shi ba, ƙafarsa ta san kowane dutse. Amma a tasha, inda bango fari ne ko'ina, mutane suna ɓullowa ta dama da hagu, allunan kuma suna can sama, sai ya rikice.

Muna fitowa ya kama gefen mayafina.

"Kada babban yaro shi ji."

Babban yaro shi ne ɗansa na fari, yana Maraɗi, shi ma ya fara furfura. Ya daɗe yana cewa tsoho ya dawo gida ya huta. Kawu ya san ranar da labarin idon nan ya isa can, ranar za a yanko masa tikiti. Kuma ya san abin da yake jiransa: tabarma a inuwa, jikoki su kawo fura, masu wucewa su ce sannu tsoho. A nan kuwa shi ne Maigida, wanda in bai ce a ba ka kaya ba, ba za a ba ka ba. Ya ce mini mai masaukin da ba ya iya raka baƙonsa ya gama aiki, sai ya miƙa makulli. Na ce to ka daina rakiyar ka riƙe makullin. Ya kalle ni ta cikin bututunsa kamar na ce ya daina alwala ya riƙe salla.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na ce wani cikin baƙin gidan ya riƙa raka ni, ya ce baƙo ba ya raka baƙo. Na ce tasi zan hau, sai ya raka ni bakin babban titi ya tsaya a gefen kwalta yana ɗaga wa motoci hannu, babura masu lantarki da ba a jin ƙararsu suna gogar rigarsa. Na gwammace tashar sau dubu. Na daina zuwa na ɗan lokaci, mahaifiyata ta kira ta ce ashe China tana sa mutum ya manta danginsa. Na sulale ba sallama wata rana yana salla, washegari ya kira ni ya tambaya ko wani abu ya yi mini.

A ƙarshe ga abin da na koma yi. Zai raka ni, in shiga jirgi ta wannan ƙofa, in kutsa cikin mutane in fita ta ƙofa ta gaba kafin a rufe. Shi ba ya ganin gefe, don haka sai ya ɗaga wa jirgi hannu da dukan zuciyarsa, ni kuma ina bayan ginshiƙi. Sai in bi shi a baya har ya shiga lungunsu, sannan in dawo in hau jirgin gaskiya. Mace kamata, da jikina da mayafina da jakar samfur, ina laɓe-laɓe a tashar mutane kamar wadda ta ɗauki abin wani. Masu bincike suna kallona. Akwai wata ma'aikaciyar tashar mai jan ƙyalle a dantse da take tsayawa kusa da ƙofofin kati. Ita ta fara gane wasan. Ba mu taɓa yin magana ba. In na hauro ina waige-waige sai ta nuna mini da haɓa inda ya bi.

A wannan bin ne na gane da hanci yake fita. Mafitarsu tana da mai gasa nama a bakinta, hayaƙin yana gangarowa har matakala, shi yake bi. Ranar da aka yi ruwa mai naman bai fito ba, Kawu ya zagaya tashar har na gaji da tsayuwa. In ya doshi mafitar da ba ita ba sai in rasa yadda zan yi, don in na yi magana asirina ya tonu. Na taɓa tura wani ɗan Ghana ya je ya gaishe shi kamar haɗuwa ce kawai, ya juyo da shi. Kawu ya riƙe bawan Allah nan da gaisuwa har shi ma ya makara.

Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Haushin sa nake ji, da na rakiya, da na duk wanda ya fara ƙirƙiro ta. Ina da kaya da zan duba, ina da mata a Kano da suke jiran hotuna a waya, ga ni ina gadin dattijon da ya fi ni taurin kai. Kuma ni kaɗai ce nake bin bayansa. Sauran baƙinsa ba su san komai ba, ya raka su su shige jirgi hankali kwance, su bar shi da Allah da hayaƙin nama.

Lokacin baje kolin Pazhou ya zo, gidansa ya cika. A irin wannan lokaci tashar da safe ba a cewa komai, ba kai kake tafiya ba, tura ka ake yi. Na roƙe shi ya bari har baje kolin ya wuce. Ya ce to. Na san wannan to ɗin, irin wanda ake ce wa yaro ne don ya yi shiru.

Ina cikin rumfar wani kamfanin tukwane, mun kusa daidaitawa, wayata ta yi ƙara da lambar Kawu. Muryar mace ce, da Turanci kaɗan-kaɗan. Ta faɗi sunan wata babbar tasha da layuka suke haɗuwa, ta ce baba yana nan, in zo.

Abin da ya faru, daga baya na haɗa shi. Wani baƙonsa mutumin Yamai, zuwansa na farko, zai tafi Pazhou. Kawu ya raka shi bakin jirgi. Ƙofa tana buɗewa jama'a suka ɗebe su duka biyun suka zuba a ciki. Maimakon ya ce an turo shi, sai Kawu ya ce ai dama ya yi niyyar kai shi inda zai canza jirgi. Baƙo ya yi ta godiya, yana cewa bai taɓa ganin karamci irin wannan ba. Kawu ya sa shi a jirgi na biyu, ya ɗaga hannu, ya juya, ya tsinci kansa a tashar da ta ninka tasu girma, hawa kan hawa, babu mai gasa nama. A kan matakala mai tafiya da kanta ya faɗi.

Na same shi a wani ɗan ofis, a kan kujera, an ba shi ruwan zafi a kofin takarda. An manna masa filasta a goshi. Wandonsa ya yage a gwiwa, hular babu. Ban taɓa ganin kan Kawu a buɗe a gaban mutane ba sai ranar. Amma yana zaune ya harɗe kamar a falonsa, yana tambayar ma'aikatan lafiyar iyalinsu da hannu da ka.

"Uwata, kin zaka? Gaida masu gida, sun yi ɗawainiya."

Na gaishe su. Na yi shiyeshiye, godiyar yarensu, har bakina ya gaji. Na kama shi muka hau jirgi. Muka sauka a Xiaobei, mai jan ƙyalle ta kalli goshinsa ta kalle ni. Na kai shi gida, na wanke masa gwiwa, na ɗauko wata hular na ba shi. Na ɗauki jakata.

Ya miƙe yana ɗingishi. "Mu tahi in raka ki."

A nan na fashe. Na ce masa yau saura kaɗan a kira ni in zo ɗaukar gawa. Na ce wace irin rakiya ce wannan da sai an bi mai rakiya da rakiya. Na ce in ya faɗa gaban mota me zan gaya wa yayarsa, in ce ya mutu yana yi wa wani sai an jima? Baƙinsa suna ɗaki suna ji, ban damu ba. Na ce yau zan kira babban yaro, kuma a gabansa nake faɗa don kada ya ce na zagaye shi.

 Ya koma ya zauna.

"Ke ma, Uwata?"

Na kira babban yaro. Har yau ban ga abin da zan yi ba in ba wannan ba. Amma ranar, karo na farko tun zuwana ƙasar, na fita daga gidan Kawu ni kaɗai yana kallo. Babu tsayawa wurin mai burodi. Na isa tasha, jirgi yana tsaye kamar ni yake jira, na shiga, na isa ɗakina rana ba ta faɗi ba. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, kuma ban taɓa jin haushin isa da wuri irin na ranar ba.

Aka yanko masa tikiti. Kafin tafiyarsa na ci gaba da zuwa. Zai amsa gaisuwa a gajarce, in zan tafi ya ce to daga zaune. Makullin gidan ya miƙa wa wani tsohon baƙonsa da ya zauna a garin. Kayansa aka tura ta jirgin ruwa. Aka samu wani ɗan kasuwar Maraɗi da zai koma a jirgi ɗaya da shi, babban yaro ya damƙa shi a hannunsa ta waya.

Ranar tafiya na ce a kira mota. Ya ce metro. Na ɗauki jakarsa.

Ya sa babbar riga. Ya gaishe da mai burodi, ya gaishe da mai nama, ya tsaya gaban mai jan ƙyalle ya dafa ƙirji ya ce shiyeshiye, ita kuma ta sunkuyar da kai. Da muka wuce ƙofar kati na ja baya kamar yadda na saba, sai ya tsaya.

"Taho nan kusa. Yau ba laɓewa."

Na ce, "Wace laɓewa?"

"Wata da watanni kina bina kamar ɓarauniya. Humrarki tana riga ki isowa. Idona ya tahi, hancina na nan."

Na ce, "Ka sani, ka bar ni ina wahala a bayan ginshiƙi?"

"In na ce na sani, ya zama ke ke raka ni."

Na so in yi dariya, na so in shaƙe shi. Na kama hannun rigarsa kawai, ya bari.

Hanyar filin jirgi doguwa ce, sai an canza jirgi a hanya. Ya zauna, na tsaya a kansa. Abokin tafiyar tasa yana ta waya da Faransanci kan wani kaya da bai fita ba. Da muka isa aka auna jaka, aka ba su takardar shiga, muka zo inda ba a wucewa sai matafiya. Na fara haɗa maganar da zan faɗa, ta neman gafara da saƙon gaisuwa, sai ya riga ni. Ya zare rigarsa daga hannuna, ya gyara hula, ya ɗaga hannu daidai yadda yake yi a bakin jirgi.

"To, Uwata. Nan rakiyata ta tsaya. Sabka lahiya."

Na ce, "Kawu, kai ne fa mai tafiya."

"Ki tahi in gani. Ban juyawa sai kin tahi."

Mutane suna jira a bayansa, ma'aikaci yana yi masa alama ya wuce. Na san in ban juya ba za mu kwana a wurin. Na juya, na yi 'yan taku, na samu ginshiƙi na laɓe. Ya sauke hannu a hankali. Ya miƙa fasfo, ya wuce shingen.

A ciki layin yana karyawa dama. Abokin tafiyar ya yi gaba, kansa a kan waya. Kawu ya tsaya cak, mutane suna kewaye shi. Ya ɗan ɗaga kai kamar mai shinshina iska, ya jira. Sannan ya miƙa hannu gefe yana lalube, ya kama hagu.

Na fito daga bayan ginshiƙin ina ƙwala masa kira, dama, Kawu, dama. Gilas ne tsakaninmu. Na doshi shingen, ma'aikacin ya tare ni da hannu, cikin ladabi ya nemi in nuna tikiti.